Allurar da ba ta kai milimita ɗaya ba

Magungunan da ake samarwa daga halittu masu rai, irin su insulin na masu ciwon sukari da yawancin magungunan rigakafi, ba a haɗiyarsu, domin ciki zai narkar da su kamar yadda yake narkar da nama. Shafawa ma ba ta yi. A saman fatarmu akwai wani busasshen shamaki, kaurinsa bai wuce kashi 2 cikin 100 na milimita ba, amma babbar ƙwayar sinadarin magani ba ta ratsa shi. Shi ya sa ake komawa ga sirinji.

To, in shamakin siriri ne haka, me ya sa za a soka ƙarfe har cikin tsoka? Wannan tambaya ce ta sa Mark Prausnitz da abokan aikinsa na jami'ar Georgia Tech a Amurka suka wallafa bincikensu a 1998 kan allurai 'yan mitsi-mitsi. Ana jera su a kan ɗan filasta, tsawonsu bai cika kai milimita ɗaya ba. Suna huda shamakin, su tsaya kafin su taɓa jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, jini ma ba ya fita. Wasu da maganin kansa ake ƙera su, haɗe da wani abu mai narkewa, sai su narke a cikin fata.

Rashin zafi abu ne mai kyau, amma a ganina ba nan babbar riba take ba. Duba rigakafin ƙyanda. Kwalbarsa gari ce, sai an ajiye ta cikin sanyi, an dama da ruwanta, kuma abin da ya kai awa 6 da damawa zubarwa ake yi. Kwalba ɗaya galibi ta yara 10 ce, don haka ma'aikaciyar lafiya a ƙauye kan yi jinkirin buɗe ta saboda yaro ɗaya ko biyu, uwa ta koma gida ba a yi wa ɗanta ba. Filasta kuwa ɗaya na yaro ɗaya ne, ba damawa, ba tsinin da za a rasa inda za a zubar, kuma ana sa ran zai fi jure zafi.

An gwada shi a Gambiya, mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2024. Cikin jarirai 120 'yan wata 9 zuwa 10, an manna wa rabinsu filastan rigakafin a wuyan hannu na minti 5, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan sun samu kariya daga ƙyanda, kusan daidai da na allura.

Sai dai filasta ɗan magani kaɗan yake ɗauka, shi ya sa na insulin yake hannun masu bincike har yanzu. Na ƙyanda ma bai iso asibiti ba. Iyaye kada su jira shi, jariri ya cika wata 9 a kai shi a yi masa allurar da ake da ita.