Durga: Me Hannayenta Masu Yawa Ke Nufi?

Duk mai kallon fina-finan Indiya ya sha ganin gunkin wata mace mai hannaye da yawa, tana kan zaki, tana soke wani ƙato da mashi. Sunanta Durga. Mabiya addinin Hindu sun ɗauke ta uwa mai tsare masu bauta mata daga sharri.

Labarinta yana cikin tsohon littafin Devi Mahatmya. A imaninsu, wani shaiɗani mai siffar ɓauna, Mahishasura, ya samu alkawarin cewa babu namijin da zai iya kashe shi. Sai ya addabi sama da ƙasa. Da abin ya gagari allolinsu, suka haɗa ƙarfinsu wuri guda, Durga ta bayyana. Shiva ya ba ta mashi mai baki uku, Vishnu ya ba ta faifan yaƙi, Himalaya ya ba ta zaki. Shi ya sa masassaƙa ke ba ta hannu takwas ko goma, kowanne riƙe da kyautar da aka miƙa mata.

A Mahabalipuram, jihar Tamil Nadu, akwai kogon da aka sassaƙa a ƙarni na 7, zamanin sarakunan Pallava. Durga na nan siririya bisa zaki, ta ɗaga baka, shi kuwa ƙaton mai kan ɓauna ya ja da baya riƙe da kulki. Fuskarta a natse take, don nuna cewa nasara ta riga ta tabbata.

A Kolkata kuwa, maginan unguwar Kumartuli suna ɗaure gora da ciyawa, su shafe su da yumɓun kogi don yin gunkinta. Ido ake zanawa a ƙarshe. Bayan bikin Durga Puja, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2021, sai a nutsar da gunkin a ruwa.

Mutanenmu da yawa suna zuwa Indiya neman magani, karatu ko fatauci. Duk wanda bikin ya riske shi a can, cikin Satumba ko Oktoba, ya kiyaye: kada ya taɓa gunkin, kada ya yi masa ba'a, ya cire takalmi idan an gayyace shi wurin ibadarsu, ya nemi izini kafin ɗaukar hoto. Sanin abin da maƙwabci ya yi imani da shi ba ya rage wa mutum nasa addinin, kuma baƙo mai ladabi shi ke komawa gida da mutuncinsa.