Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice: Sirrin Bakin Tunkiya

Duk wanda ya taɓa cinikin rago a kara ya ga yadda dillali ke ɓare leɓen dabba yana duba haƙora. Ga wasu abubuwa game da wannan bakin da ake leƙawa.

1. Gaba babu haƙoran sama. Babbar tunkiya tana da haƙora 32, amma a gaba takwas ne kawai, duk a ƙasa. A sama dasashi ne mai tauri, shi take haɗawa da haƙoran ƙasa ta tsinke ciyawa.

2. Baki ne takardar haihuwarta. Tana fara famfara bayan ta shekara ɗaya, manyan haƙora na fitowa bibbiyu, har su cika takwas wajen shekara huɗu.

3. Cutar da ke aika tunkiya mahauta. A Biritaniya da Niyu Zilan makiyaya suna kiranta "karyayyen baki". Dasashi ya kumbura, ya saki haƙori, wani rami ya buɗe a tsakaninsu, ƙashin da ke riƙe haƙorin ya zaizaye, sai girgiɗi, sai faɗuwa. Tunkiyar ta kasa cin ciyawa sosai, ta rame, mai ita ya sayar da ita alhali tana da sauran shekarun haihuwa.

4. Ƙwayoyin cutarmu ɗaya da tumaki. Masu bincike sun samo bakteriya 'yan gidan Porphyromonas, Prevotella da Treponema a ramukan dasashin tumaki masu ciwo. Waɗannan gidaje ne dai ake kamawa da laifi a ciwon dasashin ɗan Adam.

5. Iska ce ajalinsu. Yawancinsu ba sa rayuwa inda iskar oksijin take, shi ya sa zurfin ramin dasashi ya zame musu gida. In aka shuka Porphyromonas a faranti mai jini a ɗakin gwaji, sai ta yi baƙi ƙirin, saboda tana tara sinadarin da ke ba jini launinsa.

6. Mai laifi ɗaya, baki da ƙafa. Fusobacterium necrophorum, da ake samu a bakin tumaki, tana da hannu kuma a ruɓewar kofato da ke sa su ɗingishi in ƙasa ta jiƙe.

7. Laifin sabuwar makiyaya. Ba tumaki kaɗai ba: a Burazil, daga shekarun 1960, maruƙan da aka kiwata a filayen da ba a daɗe da sare dajinsu ba sun riƙa kamuwa da ciwon dasashi mai kumbura fuska, har sunan cutar ya zama "kumburarriyar fuska". Da an mayar da su wata makiyayar da ba ta da matsalar, sai da yawansu su samu sauƙi.

8. Gara wawulo da girgiɗi. Tunkiyar da haƙoran gabanta suka zube kaf takan fi mai haƙori ɗaya ko biyu masu motsi cin abinci, muddin ciyawar doguwa ce mai laushi. Don haka wasu makiyaya kan cire ragowar.

9. An gwada injin washi. A Ostireliya an taɓa yayin goge haƙoran tumaki da inji don su daidaita. Biritaniya ta haramta wannan saboda azabar da dabba ke sha.

10. Haƙoran zinariya. Dattin da ke daskarewa a turamen tumaki yakan yi ƙyalli kamar ƙarfe, har mutanen zamanin da suka zaci zinariya tumakin suke kwasowa a kiwo.

11. An daɗe da gano ƙananan halittun baki. A 1683 Antonie van Leeuwenhoek, mutumin garin Delft a Holan, ya kankaro dattin haƙoransa, ya duba da madubin da ya ƙera, ya ga ƙananan halittu suna motsi.

12. Malamai ma sun leƙa bakin. A Muhtasar na Shaihu Halil, cikin aibobin da ke hana layya da dabba akwai warin baki, da rashin haƙori in ba famfara ko tsufa ne suka jawo shi ba. Saboda haka in ka je kara gabanin Babbar Sallah, kada ƙaho da kitse su ɗauke maka hankali: ɓare leɓen, ka duba dasashin, ka kuma sunsuna.