Yadda Za Ka Toshe Kiran Talla A Wayarka

A ƙauye irin Kutemeshi da ke Birnin Gwari, inda sabis da cajin waya ke wuyar samu, kiran talla ba ƙaramin ɓata rai ba ne.

Tun shekarar 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta tilasta wa kamfanonin waya buɗe lambar 2442. Ka rubuta STOP ka tura mata, kyauta ne, tallace-tallacen su tsaya. In kamfanin ya yi kunnen ƙashi, kira 622 ka kai ƙara.

Sai dai wannan ba ya hana 'yan damfara, domin su da layi irin naka suke kira. Duk wanda ya ce daga banki yake, yana neman lambar sirrin katinka, katse kiran kawai.