Ba Tsafi Ke Ɗauke Kuɗin Shagonka Ba

Akwai maganar da ta ishe ni ji a bakin sababbin 'yan kasuwa a Kontagora. Yaro zai buɗe shago da jarin da ya tara da kyar, ko wanda mahaifinsa ya sayar da sa ya ba shi, kafin shekara ta zagayo kantoci sun yi fayau, sai ka ji ana cewa an sa masa hannu. Wasu kuma su ce masu tsafi ne ke zuwa su sayi ashana da sabuwar dubu ɗaya, su karɓi canji, cikin dare kuɗin durowa su bi nasu su tafi. Shi ya sa in ka leƙa durowar wasu masu tireda za ka tarar da gawayi da barkono da lemon tsami kwance tare da kuɗi, amma ka nemi littafi da biro ka rasa.

Ba na musun hassada, ba na musun kambun baka, kuma duk mai nema yana buƙatar addu'ar tsari. Sai dai kafin a ɗora wa maƙwabci laifi, ya kamata a zauna a yi lissafi. Uwar kuɗi ita ce abin da ka sa a kaya, ciniki shi ne duk abin da ya shigo, riba kuwa abin da ya saura bayan ka mayar da kayan da ka sayar, ka biya haya da kuɗin mota da dako. Kowa ya san wannan a baki. A aikace ne ake cakuɗa su.

A ce kana da tireda kusa da Jami'ar Ilimi ta Tarayya, kana cinikin naira 60,000 a rana. Ribar kayan masarufi ba ta da kauri, mu ƙaddara kashi 10 cikin 100 ce, wato 6,000. Da safe ka zari 4,000 na cefane. Ka sa wa babur mai na 1,500. Shayi da abincin rana 1,000, kati 500. Da la'asar ƙanenka ya zo an koro shi daga makaranta, ka miƙa masa 2,000. An tashi 9,000 ke nan, ba a ƙirga madara da sukari da sabulun da aka aiko daga gida aka ɗauka a kanta ba. Kullum kana cin 3,000 daga uwar kuɗi, a wata 90,000, a wata 10 kuwa 900,000. Jarin miliyan ɗaya ba zai ga shekara ba. Kuma kaya na raguwa ciniki na raguwa, ɗalibai su tafi hutu kasuwa ta kwanta, cefane kuwa yana nan yadda yake. Ina tsafi a nan? Hannunka ne ya shiga durowar, da rana tsaka, a gaban kowa.

Akwai wata hanyar da jari ke narkewa ko da ba ka taɓa sisi ba, ita ce ta fi rikita mutane. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Mu kuwa kayanmu daga nesa suke zuwa, daga Kano ko Legas ko Anacha, kowane kwali da kuɗin motarsa a kansa. Ka saro kwali a 10,000, ka sayar a 11,500, ka yi murna ka ci ribar 1,500 har ka kashe ta. Ka koma kasuwar Singa ta Kano ka tarar kwalin ya koma 12,000. Kuɗin da ya sayo maka kwali 50 a wancan zuwan, yanzu da kyar zai sayo 41. Ka dawo ka dubi kanta ka ga giɓi, sai zuciya ta tafi kan tsohuwar da ta zo sayen gishiri jiya.

Ina so masu wannan zargi su amsa mini tambaya ɗaya. In da gaske akwai mai iya janye kuɗi da sabuwar takarda, me ya kai shi tiredar da ba ta tara 100,000 ba, ya bar gidajen mai da bankuna da dillalan hatsin da ke loda tireloli da masara da waken suya duk kaka? Kuma yau ciniki da yawa ta waya ake biya, ta OPay ko Moniepoint, kuɗin ba su ma shiga durowa ba, amma shaguna ba su daina karyewa ba. Shi tsafin ya koyi shiga asusun banki ne? Abin takaicin shi ne ɓarnar da wannan zato ke yi. An kori yaron shago da sunan sata alhali bai ɗauki komai ba, an daina gaisawa da maƙwabcin shago, an zargi kishiya, sannan ɗan abin da ya rage na jari an kai wa boka ya ƙarasa shi. Wannan zalunci ne, kuma za a amsa tambaya a kansa.

Sai bashi, wanda shi ma ba a rubutawa. Garinmu na manoma ne, mutanen Mariga da Rijau da Magama da Mashegu kuɗinsu sai an yi girbi, don haka "sai kaka" ba baƙuwar magana ba ce a bakin kanta. Sabon ɗan kasuwa yana jin kunyar hana kawu, yana tsoron a ce ya samu duniya ya canja. In ya nemi haƙƙinsa a ce masa bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu da muke alfahari da karatu mu ne muka mayar da rubuta bashi rashin yarda da juna.

Ba na cewa babu wasu matsalolin. Rashin wuta, rashin tsaro a hanyoyin ƙauyuka, alat na bogi, kwaikwayon da ya cika kowane lungu da rumfar POS tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bashin NIRSAL na lokacin korona da wasu suka ɗauka rabon gwamnati ne, da masu kwasar jari su zuba a irin su CBEX da ya rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, duk suna nan.

Abin da ke hannunka, ɗan'uwa, shi ne ka sayi littafin makaranta guda biyu. Ɗaya na shiga da fita, ko naira 50 ce ta fita a rubuta. Ɗaya na bashi, da suna da rana da lokacin biya. In ba ka iya boko ba, rubuta da ajami. Ka yanka wa kanka albashi, abin da riba za ta iya ɗauka, kullum ko duk mako, in ya ƙare ya ƙare. In albashin bai isa riƙe gida ba, ka gane shagon bai kai ya riƙe gida ba tukuna, ka haɗa da noma ko wata sana'ar har ya tsaya da ƙafarsa. Asusun shago daban, naka daban, kada alat ɗin ciniki ya riƙa faɗawa inda kake sayen data. Duk ƙarshen wata ka rufe ƙofa ka ƙirga kaya, domin jarin mai kanti da kwali da buhu ake auna shi. Kafin ka sa farashi ka buga wa wanda kake sari a wurinsa waya ka ji kuɗin kayan a yau, a kansa za ka ɗora riba, ka ƙara kuɗin mota da dako. Kuɗin hayar baɗi ka fara tara shi tun watan farko, ko ta adashi. Kada ka binne rabin jari a tayil da gilashi da fenti, ka bar kanta da kwali uku. Ka sa wa bashi iyaka, wanda bai biya na baya ba kada ya ɗauki sabo, ko wane ne. In kuwa ba ka taɓa zama a shago ba, ka je ka yi ko wata shida a hannun ubangida kafin ka taɓa kuɗinka, babu faɗuwar girma a ciki.

Ke ma 'yar'uwa mai ƙuli-ƙuli ko awara ko atamfa a cikin gida, maganar ta shafe ki. Gwangwanin sana'a daban, na cefane daban, in maigida ya ranta ki rubuta a gabansa.

Ku kuma iyaye da 'yan'uwa da abokai, don Allah in yaro ya buɗe shago ku bar shi ya yi shekara biyu kafin ku ɗora masa hidimar biki da suna da kuɗin asibiti. In kun ɗauki kaya ku biya kamar yadda baƙo zai biya, in bashi ne ku ce masa ya rubuta.