Tsawon Dare da Nunar Tsiro: Yadda Aka Samar da Irin Wiwi Mai Nuna a Ƙasashen Sanyi

A ƙasar Hausa, da zarar an ambaci wiwi, maye ne da kamun jami'an hukumar NDLEA ke faɗo wa mai sauraro a rai, kuma da gaskiyarsa, domin dokar Nijeriya ta haramta noman tsiron. Sai dai tsiron da masana ke kira Cannabis sativa yana da wani reshe da ake nomawa bisa izinin hukuma a Turai da Kanada domin zarensa da man 'ya'yansa. Sinadarin THC mai sa maye kaɗan ne a cikinsa; a Kanada doka ba ta yarda ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Wannan reshe, wanda za a kira wiwin masana'antu, shi ne abin nazarin wannan maƙala, musamman yadda aka yi ya riƙa nuna a fili a ƙasa mai sanyi kamar Finlan.

Mai karatu zai ɗauka cewa sanyi ne babbar matsalar. A haƙiƙa tsiron yana jure sanyin farkon shuka daidai gwargwado. Abin da ke kayar da shi shi ne tsawon yini. Tun a 1912 wani Bafaranshe mai suna Julien Tournois ya lura cewa wiwi yana saurin yin fure idan aka gajarta masa yini, sannan a 1920 Garner da Allard a Amurka suka tabbatar da wannan ɗabi'a a tsirrai da dama. Daga baya aka gano cewa tsawon dare ne tsiron ke aunawa. Galibin ire-iren wiwi ba sa fure sai yini ya sauko zuwa wajen awa 14. A birnin Helsinki kuwa yini yakan kusan kai awa 19 a ƙarshen Yuni, ba ya dawowa awa 14 sai farkon Satumba. Tsiron da ya jira wannan lokaci yana buƙatar ƙarin makonni kafin 'ya'yansa su ƙosa, alhali raɓar ƙanƙara ta riga ta ƙarato, ga danshin kaka mai sa kawunan su yi funfuna. Manomi zai ga gona ta yi tsawo shar, amma babu ƙwaya.

Manomin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan lissafi, ko da bai san sunansa ba. Maiwa da yawancin dawar gargajiya suna jiran gajartar yini, shi ya sa ko an yi shukar wuri ko an makara, kusan lokaci guda suke fitar da kai, dab da ɗaukewar damina. Gero bai cika damuwa da wannan ba, kwanakinsa yake ƙirgawa. Abin mamaki shi ne, a Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kimanin awa ɗaya da rabi ba, amma dawa tana jin sa. Abin da masu binciken iri a arewacin Turai suka nema, a taƙaice, shi ne wiwi mai halin gero.

Irin wannan hali yana nan a wiwin arewacin Rasha, inda gajeren lokacin noma ya daɗe da tankaɗe duk wani tsiro mai jinkiri. A 1924 masanin tsirrai Janischewsky ya bayyana wani gajeren wiwin daji na Rasha, ya raɗa masa suna Cannabis ruderalis, kodayake har yau masana ba su daidaita a kan ko jinsi ne mai cin gashin kansa ba. Daga 'ya'yan da aka samo a rumbun iri na Cibiyar Vavilov da ke birnin San Fitasbag ne Jace Callaway da Tero Laakkonen suka fitar da iri mai lamba FIN-314 a Finlan a 1995, wanda daga baya aka sa wa suna Finola. Kanada ta karɓe shi a 1998, Tarayyar Turai ta shigar da shi jerinta a 2003. Finola yakan yi fure bisa shekarunsa, ko da rana ba ta son faɗuwa, ya kuma nuna cikin wata uku zuwa huɗu.

Riƙe wannan hali cikin iri aiki ne mai wuya. Wiwi yana da namiji daban, mace daban, iska ce kuma ke kwasar garin furen namiji ta kai shi nisan kilomitoci, don haka gonar iri sai an keɓe ta nesa da kowace gona. Bugu da ƙari, a wasu zuriyoyin halin rashin kula da tsawon yini mai ɓuya ne: idan aka haɗa iri mai shi da marar shi, 'ya'yan farko ba sa nuna shi, sai a jikoki yake ɓullowa, kimanin ɗaya cikin huɗu. A 2022 masu bincike a Jami'ar Cornell suka gano gurbin gadon da ke ɗauke da wannan hali, suka kira shi Autoflower1. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa na Finola daga wani gurbin daban yake fitowa.

A ganina, abin da ya fi cancantar lura shi ne cewa saurin nuna yana da farashi. Da tsiro ya fara fure, karansa yakan daina tsawo. Finola gajere ne, abin da ya sauƙaƙa girbinsa da injin girbin alkama, amma zarensa kaɗan ne. Saboda haka manomin arewa mai neman zare yakan zaɓi irin kudu mai jinkirin fure da gangan, ya bar shi ya yi ta miƙewa cikin dogon yini, ya sare shi kafin ya yi 'ya'ya, sannan kowace shekara ya sake sayen iri daga ƙasashen da 'ya'yan ke ƙosawa, irin su Faransa.