Fitilar da Ba Ta Haskaka Hanya

Duk wanda ya taɓa fita farautar dare ya san cewa sai an ga abu ake harbinsa. To, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka yi daga 1914 zuwa 1918, sojojin Ingila da ke cikin ramuka a Faransa da Beljiyam sun koyi harbin abin da ba su gani. Abin da ya taimake su kuwa wata 'yar fitila ce wadda haskenta bai kai na aci-balbal ba.

Bindigar da suke riƙe da ita sunanta Vickers. Bindiga ce mai jigida, jikar Maxim ɗin nan da sojojin Lugga suka shigo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Rundunar Ingila ta karɓe ta a 1912, ba ta ajiye ta ba sai a 1968. Kowace jigida tana ɗauke da harsashi 250, bindigar kuma tana iya aman wajen 450 a minti guda. Ba a saɓa ta a kafaɗa. Girka ta ake yi bisa wani ƙarfe mai ƙafa uku, shi ya sa in an saita ta sai ta yi ta zuba harsashi wuri ɗaya.

Da rana kowa yana kwance cikin raminsa, don wanda ya ɗaga kai ya mutu. Sai dare ya yi ake kawo abinci da ruwa, a kwashe masu rauni, a sauya waɗanda suka gaji. Saboda haka kowane ɓangare yana so ya yi ta ruwan harsashi bisa hanyoyi da mararrabar da abokan gaba ke bi cikin duhu. Amma yaya za ka auna mararrabar da ke nesa da kai fiye da mil guda, alhali ko tafin hannunka ba ka gani?

Ga dabarar. Tun da sauran rana sai a saita bindigar a kan wurin, ko da ido, ko da taswira da kamfas in tudu ya tare. Sa'an nan a kafa turke 'yan yaduna kaɗan a gabanta. Ba tare da an motsa bindigar ba, sai a gyara ma'aunin saitinta har idon maharbi ya faɗa daidai kan turken, a rubuta lambar da ma'aunin ya nuna. Da magariba ta yi sai a ɗora fitila a wurin turken. Fitilar tana cikin akwati rufe ruf, sai ta fuskar da ke duban maharbi aka bar 'yar kafa. Mun saba ji a majami'a cewa ana kunna fitila ne domin ta haskaka wa kowa, wannan kuwa mutum ɗaya tak aka kunna wa. In Jamusawa suka hango ta, igwa ce za ta amsa. Da farko kyandir ake sawa a ciki, daga baya aka yi masu batir da doguwar waya, yadda za a kunna a kashe daga gindin bindigar.

Wato dai maharbin fitila yake aunawa, ba mutum ba. Kuma dole ya yi ta dubanta, gama bindigar tana girgiza ƙwarai, ƙafafunta kuma suna nutsewa cikin taɓo ko da an danne su da buhunan yashi. In ya saki harsashi kaɗan sai ya tsaya ya leƙa. In hasken ya goce, ya bubbuga bindigar da hannu har ta koma.

'Yan aji uku da ke ƙorafi kan darasin alwatika masu kama da juna, ku matso kusa. A ce fitilar tana yadi 10 daga bindiga, wurin da ake harbi kuma yana yadi 2,000. Nisan ya ninka sau 200 ke nan. In wani soja ya yi tuntuɓe da turken cikin duhu ya kautar da shi inci ɗaya kawai, harsashin zai kauce da inci 200, wato fiye da yadi biyar da rabi. In tafin hannu guda ne, kamar inci huɗu, ya wuce yadi ashirin. Sau da yawa kuma ta bisa kan 'yan'uwansu ake harbin, waɗanda ke ramukan gaba ko suka fita gyaran waya mai ƙaya. Kuskure zuwa gefe ɓarnar harsashi ne kawai. Amma in bakin bindigar ya sunkuya, nasu za su kashe. Don haka akwai wani ma'auni mai ɗigon iska a cikin ruwa, irin na magina, da ake ɗorawa bisa bindigar a tabbatar ba ta sunkuya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ke can ƙarshen layin. Yawanci ba wani jarumi ba ne da ya taso da bindiga. Mai ɗauke da tukunyar miya ne, ko mai jan alfadari, ko mutum biyu riƙe da makarar mai rauni. Maharbin kuwa, da gari ya waye, sai ya kashe fitilarsa ya share bindiga, bai san ko ya sami wani ba.