Abin Da Uban Bikin Kana Ya Ɗanɗana

A wani taron nazarin Littafi Mai Tsarki a Sabon Garin Jega, ana karanta Yahaya sura 2, sai wani saurayi ya ɗaga hannu ya ce, "To, da kurɓi ɗaya uban biki ya san wannan ruwan inabi ya fi na fari? Me ya ji a bakinsa?" Aka yi dariya, amma ba wanda ya amsa. Yawancinmu ba mu taɓa ganin kurangar inabi ba, sai dai wanda ya bi ta Hunkuyi a ƙaramar hukumar Kudan, kusa da Zariya, inda ake noman inabi na ci. Mun ga ya kamata mu ba da amsa. Ba kira muke yi a sha ba, gama mun san gidaje nawa giya ta rusa, mun kuma san gargaɗin Karin Magana sura 23. So muke mu fahimci abin da muke karantawa.

Ruwan da ke cikin 'ya'yan inabi, ko baƙaƙe ne, kusan fari yake. Jan launin daga ɓawo yake fitowa. In an matse, akan bar ruwan tare da ɓawon mako ɗaya zuwa uku, yisti yana cin zaƙin yana mai da shi barasa, har ta kai wajen kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari. A lokacin nan ruwan yakan yi ta kumfa yana fitar da iska, kamar ƙullu ya kwana. Shi ya sa a Luka sura 5 aka yi zancen salka: tsohuwar fata ta riga ta bushe, ba ta iya miƙewa, iskar nan sai ta fasa ta.

Har yau akwai iyalai a ƙasashen Littafi Mai Tsarki da suka gaji wannan sana'a. A Lebanon, ƙasar da annabi Yusha'u ya ambaci ruwan inabinta, wani mutum mai suna Gaston Hochar ya kafa gidan Château Musar a shekara ta 1930, a garin Ghazir, arewa da Beirut. Gonakin suna can Kwarin Bika, bayan duwatsu. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1975, ɗansa Serge ya ci gaba da ɗauko inabi a manyan motoci ta hanyoyin da ake harbe-harbe. A 1976 abin ya gagara, ba a yi ruwan inabin shekarar ba. Serge ya rasu a ƙarshen 2014, aikin yana hannun iyalin. Jan ruwan inabinsu na musamman yakan yi wajen shekara ɗaya cikin gangar katako, ya daɗa kwantawa cikin kwalba, ba ya fita kasuwa sai ya cika shekara bakwai. Manomin da ya saba shuka gero a watan Yuni ya ci tumu a Satumba, ya dubi wannan haƙuri.

To, in aka miƙa wa gwani irin wannan kwalba, me yake yi? Ba abin da ya bambanta shi da dillalin albasa a Aliero. Dillali yakan ɗauki albasa ya juya ta, ya duba wuyanta ko ya bushe, ya danna ta da babban yatsa, ya sansana, nan take ya san ko za ta kai Legas lafiya ko za ta ruɓe a hanya. Bai yanka ba, bai ci ba.

Gwanin ruwan inabi da ido yake farawa. Yakan zuba kaɗan a kofin gilashi, ya karkata shi a kan farin ƙyalle. Sabo yakan yi ja mai duhu kamar zoɓo mai kauri. Wanda ya tsufa gefensa yakan koma kamar jar ƙasa. Sa'an nan ya kaɗa kofin don ƙanshi ya tashi, ya sa hanci. A nan ake kama aibu. In ya ji warin ɗakin da damina ta jiƙa, marfin kwalbar ya ɓata shi. In ya ji tsami mai hawa hanci, iska ta shige shi, ya kama hanyar zama irin ruwan tsamin da sojoji suka miƙa wa Yesu a kan gicciye. Zafi ma yana kashe shi, domin sanyin da yake so bai wuce awo 16 zuwa 18 ba. Kwalbar da ta yi bazara a shago a Jega, inda zafi ke haura 40, ta gama aiki.

Sai baki. Abu huɗu yake aunawa: ƙanshin 'ya'yan itace, tsami, zafin barasa, da bauri. Baurin nan kun san shi, shi ne abin da goro yake yi wa harshe, ko shayin da ya daɗe a wuta. Daga ɓawo da ƙwaya yake zuwa. A sabon ruwan inabi yakan kama dasashi, shekaru ne suke tausasa shi, abin da ya sa mutanen zamanin Yesu suka fi son tsoho. Mai kyau shi ne wanda babu ɗaya cikin huɗun nan da ya danne sauran, kamar miyar da ba a jin gishiri daban, daddawa daban. Daga nan gwanin yakan tofar a cikin kwano (i, tofarwa yake yi, in ba haka ba kafin kofi na goma ba shi da sauran hankalin yin hukunci), ya tsaya ya ji tsawon lokacin da daɗin zai zauna a baki. Na banza yakan ɓace nan da nan. Na kirki yakan kai rabin minti ko fiye.

Yanzu mu koma Kana. Uban bikin ya bayyana al'adar mutane, cewa mai kyau ake fara fitarwa, in baƙi sun sha da yawa a kawo na baya. Gaskiya ya faɗa, gama barasa takan dushe harshe. Amma nasa harshen yana nan a farke, tun da aikinsa ne lura da abin da ake rabawa. Bai kuma san inda abin ya fito ba, ma'aikatan da suka ɗebo ruwa ne kaɗai suka sani. Wato shaidar ta fito daga bakin wanda ba shi da dalilin yin fadanci. Abin da iyalin Hochar suke jira shekara bakwai su samu, shi ya ji cikin abin da ɗazu ruwa ne a tulu. Tulunan dutsen shida ne, kowanne yana cin wajen lita 80 zuwa 120, wato jarkar mai ga-ruwa uku zuwa biyar.

Saurayin nan ya ƙara tambaya, me ya sa abin da muke sha a Jibin Ubangiji ba ya bugarwa? 'Yan'uwanmu Katolika har yau ruwan inabi na ainihi suke amfani da shi. Ikkilisiyoyi da yawa kuwa sun bi hanyar Thomas Welch, wani likitan haƙori ɗan Methodist a Amurka, wanda a 1869 ya dafa ruwan inabi ya kashe yistin kafin ya fara aiki, domin kada ƙoƙon ya zama tuntuɓe ga wanda ya tuba daga shaye-shaye. Mun taɓa cin Jibi a wata ƙaramar majami'a wajen Maiyama inda zoɓo aka zuba. Dattijuwar da ta dafa shi ta ɗaga kofi ta duba launinsa a hasken taga, ta sansana, ta kurɓa, ta ce tsamin ya yi yawa, a ƙara ruwa kaɗan.